Takardar da Kaka ta Tsinto a Jarwal

Har yau ba na son ƙamshin turaren tsinke. Shekaran jiya na shiga wani shago a unguwar Aziziyya, nan Makka, zan sayi zare, mai shagon ya kunna shi, wallahi ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin titi ba. 'Yata ta biyo ni tana tambaya da Larabci, don Hausarta sai a hankali, wai me ya same ni. Na ce mata jiri ne. To bari in gaya maka abin da ban gaya mata ba.

A unguwar Jarwal aka haife ni, can saman dutse, inda sai gwiwarka ta yi kuka kafin ka kai ƙofarmu. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Baba yana aikin gini, Inna tana tattara kwalaye a bayan shaguna tana sayarwa, kuma dukansu in sun fita bayan asuba sai magariba. Gida kuwa daga ni sai Kaka, mahaifiyar Baba. Babu mai iƙama a cikinmu, wato takardar zama, haka ma yawancin maƙwabta. Kowa ya san dokar zaman: kada ka yi faɗa, kada ka ja ido, kada sunanka ya shiga bakin mutane.

Kaka ta zo aikin hajji tun tana da ƙarfinta, ta ƙi komawa. Ba neman duniya ya zaunar da ita ba. Burinta guda ne, kuma kullum sai ta faɗe shi har mun haddace: ta mutu a Makka, a yi mata salla a Harami, a binne ta a ƙasar nan. Likkafaninta ma tuni ta saya, ta wanke da zamzam, ta ninke a akwati. In Baba ya tsokane ta da zancen komawa gida, sai ta ce, "Ka koma kai kaɗai. Ni kabarina na zo tsaro."

Lokacin da na yi wayo, yanar ido ta riga ta rufe mata gani. Haske da inuwa kawai take gani. Ni ke riƙe hannunta in za mu sauka, ina ƙirga mata matakala. Tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi ƙwarai: ba ta tsallake takarda a ƙasa. Da ƙafarta ta taɓa wata, sai ta tsaya cak.

"Ja'ira, akwai rubutu?"

In na ce akwai, sai ta duƙa ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta kai goshi, ta jefa a jaka. Ta ce wa ya sani ko da sunan Allah a ciki. A gida tana tara su a kan wani katako da aka kafa a bangon ɗakinmu, don nan ne wuri mafi tsayi. Bangon kuwa shi ne na alƙibla, a ƙarƙashin katakon take shimfiɗa dardumarta.

Ina da shekara tara, bayan alhazai sun watse, gari ya yi shiru sai zafi. Mun biyo ta bayan shagunan da ake sauke kayan Indiya, carbi da turare da awarwaro. Kaka ta taka wata takarda mai kauri, irin wadda ake cusawa a kwali don kada kaya su motsa. An manna mata wata siririyar takarda a fuska, ta rufe ta ruf, da rubutu a kai. Rubutun ba irin namu ba ne, layi ne a sama, haruffa suna rataye a jikinsa kamar shanya a igiya.

"Akwai, Kaka, amma ba Larabci ba ne."

Ta kai hanci ta shinshina. Ƙamshin turare ya kama takardar sosai. "Addu'ar alhazan Indiya ce," in ji ta. "Ai su ma Allah suke kira." Da muka isa gida ta lallaba ta jingine ta a kan katakon, a gaban sauran.

Zafin Makka ba ya barin danƙo. Kwana biyu da ajiye ta, ina kwance bayan azahar, na ga siririyar takardar ta fara ɗagowa daga ƙasa tana nannaɗewa. A ƙarƙashinta akwai hoto. Ƙafafu biyu na gani, jajaye wur, da mundaye, suna tsaye a kan wasu mutum biyu, mace da namiji, kwance a kan wata babbar fure. Kunya ta kama ni, na juya wa bango baya. Can kuma na sake juyowa.

Kullum sai ta ƙara ɗagawa kaɗan, babu mai taɓa ta. Washegari wasu mata biyu suka bayyana, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sun ɗaga kai sama, bakinsu a buɗe. Daga nan sai cikin ta tsakiyar, da maciji ya ratsa ƙirjinta, da wata doguwar sarƙa wadda da na ƙura ido na ga ƙoƙunan kan mutane ne aka jera. Hannunta guda riƙe da wuƙa mai lanƙwasa. Ɗakin kuma duk ya ɗauki ƙamshin nan, ko tagar ka buɗe ba ya fita. Inna da Baba ba sa shiga ɗakinmu sai da duhu, a gajiye, ba mai ɗaga kai. Ni kaɗai nake gani. Kaka ta ta da kabbara, ta yi ruku'u, ta kai goshi ƙasa, abin nan yana tsaye bisa kanta.

Za ka ce me ya hana ni magana. Tsoro na ciki, ba na musu. Amma akwai kujera a ɗakin, da na taka ta da na kai katakon, in cire in cusa cikin kwalayen Inna, shi ke nan. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, so nake in ga sauran.

Rana ta bakwai ɗayan hannun ya fito. Kai ne a cikinsa, kan mace, gashi a warwatse, ido uku duk a buɗe, harshe a waje. Kuma fuskar ba ta mai jin zafi ba ce, kamar ma daɗi take ji. Ranar ko burodin tamis na kasa ci.

A gindin matakalarmu akwai wani tsohon tela Ba'indiye, Musulmi, mai ba mu ƙyallaye muna yi wa 'yar tsana riga. Ammu muke ce masa, wato baffa da Larabci. Na je na tsaya a ƙofarsa, na kwatanta masa da Larabci abin da na gani. Tun ban gama ba ya tsai da keken. Ya leƙa waje, ya dawo ya zauna.

Ya ce a garinsu maƙwabtansu ba Musulmi ba ne, kuma wannan tana cikin abin da suke bauta wa, amma su kansu tsoronta suke, ba kowa ke yarda ta kwana a gidansa ba. Ya faɗi sunanta, ban riƙe ba. Ya ce kan da ke hannunta nata ne. A labarinsu, ta je wanka rafi da barorinta mata biyu, yunwa ta kama su suka yi ta roƙonta abinci. Ta ce su bari a koma gida, suka ce ba za su kai ba. Sai ta sare kanta da hannunta, jini ya fito hanya uku, biyu ta shayar da su, ɗaya ta shayar da kanta. Mutanen da ta taka, wai sha'awa ce ta danne. Ƙoƙunan wuyanta kuwa tuni ne cewa duk mai ci wata rana shi ma za a ci shi. "Suna cewa mai ciyarwa da mai ci da abincin duk abu guda ne," in ji shi, sannan ya yi a'uziyya ya tofar gefe.

"Ina kika gan ta, ya binti?"

"A bola."

"In a gidanku take, ku ƙone ta yau. Aka gan ta a ɗakin baƙar fata marar takarda, ba mai cewa daga kwali ta fito. Sihiri za a ce."

Na hau matakala da niyyar cirewa, Allah ne shaidata. Na tarar da Kaka zaune tana jan carbi, na ce bari ta yi barci. Ta yi barci, na ɗauko kujera, na taka. Saura ɗan tafin hannu a rufe, daga wuya zuwa sama. Na tsaya ina kallon wurin, sannan na sauko na mayar da kujerar. Na ce gobe.

Rana ta tara aka aike ni sayen burodi da la'asar. Da na dawo na ga takalman maƙwabciyarmu a ƙofa. Mace ce mai kirki, kullum tana kawo wa Kaka kunu, kuma wata biyu ke nan da jaririnta ya rasu ba ciwon kirki. Na shiga na same ta tsaye tsakar ɗaki, kwanon ya karkace a hannunta, kunu yana ɗiga a ƙafarta ba ta sani ba. Siririyar takardar ta faɗo a gefen darduma. A kan katako ga macen nan gaba ɗayanta, wuya ba kai, jini na tashi hanya uku yana sauka a baki uku. Kaka kuwa tana sujada, ta daɗe a ciki yadda ta saba.

Maƙwabciyar ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta dube ni, ta ajiye kwanon a hankali, ta fita da baya da baya.

Da magariba Baba ya ƙone hoton a kasko, hayaƙin ya bi gidajen mutane da ƙamshinsa. Ya bi ƙofa ƙofa yana bayani. Tela ma ya hau dutsen da tsufansa ya rantse musu. Wa zai saurara? Aka tuna tsohuwar da ke tsintar takardu tana kaiwa goshi, aka tuna jariri. Muka yi sallama aka daina amsawa. In na fito wasa, sai uwaye su kira 'ya'yansu. Kafin mako ya cika mai gidan ya zo ya ce wasu na shirin kai ƙara, kuma in aka zo ba za a tambayi wace ce tsohuwar ba, duka za a kwashe mu.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Zauna ki faɗa mini abin da na fuskanta." Na faɗa mata tun daga ƙafafu har wuya, da labarin da tela ya ba ni, sai dai ban ce mata yaushe ya ba ni ba. Can ta ce, "Su biyun, sun ƙoshi?" Na ce ban sani ba. Ta ce in kawo mata buta. Duk sallolin kwanakin nan sai da ta rama su, ko da Baba ya ce mata Ka'aba ta nufa kuma Allah ya sani.

Da ta gama ta ce wa Baba, "Ni ake tsoro. In na tafi za a bar ku." Baba ya yi faɗa, ya yi magiya, har ya durƙusa. Ta ce ya kai ta Jidda, inda masu jiran a mayar da su gida suke taruwa, in kuwa ya ƙi za ta sauka ita kaɗai da sandarta. Ta ɗauki akwatinta. Bayan damina biyu aka aiko mana cewa ta rasu a ƙauyen da ta baro tun kafin a haifi Inna, a hannun 'ya'yan ƙaninta da ba su taɓa ganinta ba sai lokacin. Can aka binne ta.

Mu kuwa aka bar mu, kamar yadda ta ce. Yanzu dutsen namu babu shi, an baje, otal ne ke tsaye a wurin, ko ƙofarmu ba zan iya nuna maka ba. Maƙwabciyar ta zo bayan shekaru tana kuka ta nemi gafarar Inna, aka yafe mata. Yaran yanzu hoton da ya fi wannan ma suna gani a waya su wuce, ba abin da ya dame su. Kowa ya sauke nasa, ni ce dai ban sauke ba.

Ranar tafiyarta ni na riƙe hannunta muka sauka, ina ƙirga mata matakala. Da muka kai ƙasa, mota na jira, ta lalubo kaina ta shafa.

"Kada ki sa wa ranki komai, ja'ira. Ke ce idona. Na san da kin gani da wuri, da kin gaya mini."

Na ce, "Eh, Kaka."