Da hannuna na goge muryar Malama

A lokacin ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a Wurno, ina sayar da albasa da daddawa a cikin gida. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na girma na shiga yaƙi da jahilci har na iya karanta Hausa da rubuta ta. Turanci kam ko yau ban ji. Da muka yi nisa, Malamarmu ta buɗe muna aji a wata manhajar karatu ta waya, don matan Rabah da na ƙauyukan Goronyo ba su iya biyo hanya kullum, hanyar ba lafiya. Can take sa komi, hoton allo da takardun gwaji da muryarta tana karanta darasi a hankali, kowane mako da wurinsa. Da ta ga ina da natsuwa sai ta ba ni izinin sawa da cirewa a manhajar irin nata, tana turo darasi ina jerawa. Takan tsokane ni ta ce na zama hedimasta ba kujera.

Saura wata biyu mu yi jarrabawar samun takardar shaida, Allah ya yi mata rasuwa wajen haihuwa. Na je gaisuwa na zauna, hawaye bai zo ba. Bayan addu'ar bakwai ina tsintar wake a tsakar gida, hannuna ya taɓa wayar, sai ga muryarta tana dariya, tana cewa wadda ba ta yi aikin gida ba ta shirya amsa. Uwar mijina tana kusa. Ta tambaye ni mi nika yi da muryar mamaciya a tsakar gida, ta ce mu nan in mutum ya rasu naɗe kayansa ake a kawar, a bar shi ya huta. Na ga gaskiyarta. Na buɗe manhajar ina goge darussan ɗaya bayan ɗaya. Kowane sai wani rubutun Turanci ya fito da jan wuri, in danna kamar yadda nake yi wa hotuna in waya ta cika. A zatona daga tawa wayar kaɗai nake kawar da su.

Washegari wata 'yar ajinmu ta garin Gandi ta turo saƙon murya, tana ce min Yaya, darussa sun ɓace, ko ni ma haka ne a wurina. Wasu suka biyo baya. Nan take na gane abin da na yi. Ban ji tsoro ba, ban ji komi ba. Na ce musu wataƙila sabis ne. Haka na yi ta faɗi mako da mako, ina girki ina shara kamar ba ni ba.

Sai da jami'in ƙungiyar da ke kula da ajin ya zo na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya kira ni Inna, ya tambaye ni mi ya hana in faɗi tun farko. Ya ce manhajar tana ajiye abin da aka goge na wani lokaci kafin ta zubar, kuma lokacin ya wuce. An duba wayar Malama, ashe tana gogewa in ta ɗora, don tata ma cika take.

Mu da muka riga muka saurara muka ci jarrabawa. Ita ta Gandi ta shigo aji a makare saboda gudun hijirar da suka yi daga ƙauyensu, rabin darussan ba ta taɓa ji ba. Takardar take nema don a ɗauke ta aikin jera katin marasa lafiya a asibitin garinsu. Ta faɗi. Na kira ta na roƙi gafara, ta ce ba komi Yaya, ta kashe waya. Ba ta dawo aji ba.

Abin da na gane shi ne, abin da ke cikin wayarki ba duka ne naki ba, wani na mutane ne aka ba ki riƙo. 'Yan'uwana mata, in rubutu ya fito da ba ku iya karantawa, ku ajiye wayar ku tambaya. In kuma hannu ya riga ya yi, ku faɗi ranar nan. Gogewar da na yi tana da gyara. Shirun ne ba ya da gyara.