Na Rantse Na Gan Ta da Idona

Salamu alaikum masu karatu. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan na kawo muku, sai dai ba tatsuniya ba ce, da ma a ce ita ce. Ni ban yi boko ba, karatuna bai wuce na salla ba. Wata maƙwabciyata malamar makaranta ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma roƙe ta kada ta sa sunan kowa, kada ta rage mini laifi.

Ni tsohuwa ce a Yakasai, nan aka yanke mini cibi, nan na aurar da 'ya'ya har da jikoki. Shekara da shekaru ni nake wankan gawar mata a unguwarmu. Mai wannan aiki yana ganin abin da ba a faɗa, don haka aka san ni da kame baki. Idan mata biyu suka yi rigima ni ake kira, in na ce na gani, magana ta ƙare, ba a neman wani shaida. Wannan yardar ita ce duk abin da na tara a duniya.

Shekarar da ciwon gwiwa ya kwantar da ni wata huɗu, ɗana ya kawo talabijin ya kafa a ɗakina don ta ɗebe mini kewa. Da fari na ce a fitar mini da ita. Sannu a hankali na fara leƙe da wutsiyar ido, har ta kai in aka ɗauke wuta sai in ji kamar an kore mini baƙi. Jikokina suna yi mini tsiya wai Hajiya ta zama 'yar fim, tana zaune tana yi wa mutanen cikin akwati faɗa. Nakan ce musu su rufa mini baki, ai na san wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Kuma na sani ɗin, da bakina. Abin da ban sani ba shi ne, ido yana ta kai wa zuciya ajiya, ita kuwa zuciya tana karɓa ba ta tambayar daga ina.

Bayan kamar shekara, na warke, jikata da ke aure a Koki ta haifi ɗa namiji. Ranar suna gida ya cika da mata har ba wurin sa ƙafa. Cikin baƙin akwai wata doguwar mata mai wushirya, da hijabi ruwan ƙasa, ƙawar mai jego ce ta zo da ita. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kira ni Inna, ta yi mini barka. Tana ɗago kai na ƙura mata ido. Na san fuskar nan, kuma jikina ya ba ni ba a wurin alheri na san ta ba. Na yi ta jujjuya abin ina cin waina, ban tuno ba.

Bayan la'asar mai jego ta fito daga wanka ta ce a ba ta yaronta. Kun san gidan suna, jariri daga wannan hannu zuwa wancan. Wannan ta ce ta miƙa wa wance, wance ta ce ai tun ɗazu aka karɓe shi. Aka duba ɗaki, aka duba gado, aka duba bayan kowace mai goyo, babu. Jikata ta zube ƙasa tana kiran sunan Allah. A daidai wannan lokaci na hango mai wushirya ta nufi zaure, hannunta ɗaya cikin hijabi, ta rungume wani abu a ƙirji. Nan take abin ya dawo mini gaba ɗaya, tar kamar rana: na taɓa ganin matar nan ta ɗauki jariri ta cusa a hijabi, da irin wannan tafiyar.

Na miƙe na nuna ta da sandata na ce a tare ta. Na rantse da Allah na taɓa ganin ta da idona tana satar jariri. Uwar mijin jikata, mace mai hankali, ta riƙe mini hannu ta tambaye ni ko na tabbata. Na fizge, na sake rantsuwa, na ce wa ya taɓa jin na yi ƙarya a garin nan. Wannan maganar ce ta buɗe ƙofa. Mata suka rufe ta. Tana roƙo a duba hijabinta, ledar cincin da dubulan da aka ba ta ta faɗi ta watse, amma wata ta ce ai ta riga ta miƙa yaron ga abokan sana'arta. Samarin da ke waje suka ja ta zuwa lungu. Na ji ƙarar icce a jikin mutum, na ji wani yana kiran a kawo taya da fetur. Waɗanda ba sa duka kuwa duk sun ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Ana cikin haka sai ga ƙanwar uban yaron ta ɓullo daga ɗaya bakin lungun, jariri a kafaɗarta yana barci, kansa fes da askin suna. Ashe a danginsu ba a barin rana ta faɗi ba a kai sabon yaro wurin kakan ubansa ya tofa masa addu'a ba, tsohon kuwa yana kwance gida uku daga nan. Ta ɗauke shi ba ta gaya wa kowa ba don uwar tana wanka. Ta tsaya tana tambayar wa ake duka, me ya sata.

Mai unguwa ya zo, aka ɗauki matar jina-jina zuwa asibiti. Ya zaunar da ni a zaure, ya tambaye ni cikin girmamawa a ina na gan ta tana sata. Na ce a asibiti, wani dogon baranda mai farin bango, nas tana gyangyaɗi, ita kuma ta shigo da sanɗa. Ya ce wane asibiti, kuma ni a ina nake tsaye, me ya hana ni yin ihu. Jama'a, na nemi ƙafafuna a wurin nan na rasa. Ina ganin komai amma ni ba na ciki. Sai na tuna wani abu: lokacin da take ɗaukar jaririn, ana kiɗa. Wani kiɗa a hankali mai sa faɗuwar gaba. Wane asibiti ne ake sata ana kiɗa? Kafin in buɗe baki, ƙawar mai jego ta ce cikin kuka ai baiwar Allahn nan takan fito a fim.

Kwana uku ban iya haɗiye abinci ba. Rana ta huɗu na je asibitin na durƙusa gaban gadonta, ni da a shekaru na haife ta. Ta ce in tashi, har yanzu Inna take ce mini. Ta gaya mini fim ɗin da na gani aikin yini ɗaya ne tak, abin da ta cusa a hijabi ranar ma 'yar tsana ce aka naɗe da tawul. Ta ce dukan ta yafe duniya da lahira. Sannan ta tambaye ni abin da har yau ban samu amsarsa ba: wa zai bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu an ga yaron? Domin hoton dukan ya zaga gari, har da ni da sandata ina rantsuwa, amma lokacin da aka dawo da jaririn ba wanda ya ɗauka.

Yaron yanzu yana gudu ko'ina, bai san komai ba. Uwarsa takan gaishe ni, amma ba ta ƙara tambayar ra'ayina a kan kowa ba. Ita baiwar Allah kunnenta na hagu ya mutu, ta bar fim, ta ɗauki 'yarta suka bar Kano, don a makaranta ana kiran yarinyar 'yar ɓarauniyar jarirai. Ni kuma na yi azumin da malam ya ce in yi, na sa an fitar da akwatin daga ɗakina, ko da yake na san ba shi ya rantse ba. Har yau ana kira na wankan gawa. Shaida kam ba a ƙara kira na ba, kuma sun yi daidai.

Ku da kuke kwana kuna tashi da kallo, manya da yara, kada ku ce kun san wasa ne. Ni ma na sani. Duk ranar da zuciyarku ta ce kun san wannan fuskar, kun san halinta, ku tsaya ku tambayi kanku a ina kuke tsaye lokacin da kuka gani. Da tatsuniya ce, da na rufe da cewa ƙarya na shara muku, kowa ya tashi yana dariya. Wannan kuwa akwai wata mata a wani gari da sai an zagayo ta damanta take jin sallama.