Uwar Tarkace Ta Miƙa Makulli

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin mai shara ya iso ta riga ta buɗe ɗakin ajiya na cibiyar masu sana'ar hannu, ta bi kantoci da tsumma. Ɗaliba mai bincike kan rini, mai zanen da ke son a cike masa takardar baje koli, duk teburinta suke nufa, kuma ba mai fita hannu rabbana.

Hali ɗaya ne ya sa muka laƙaba mata Uwar Tarkace: ba ta yarda a zubar da aikin da ya ɓaci. Tukunyar da ta fashe wajen gashi, ƙyallen da rini ya ƙi kamawa, sai ta manna wa kowanne takarda: wa ya yi, yaushe, a ina ya kuskure. Ni kaina na sha yi mata tsiya cewa bola ta buɗe mana a ofis. Dariya kawai take yi.

Bara bakinmu ya mutu. Tsohon masaƙin da shi kaɗai ya rage a masu iya saƙa mai fuska biyu ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ƙi fita. 'Yarsa ta yi wata uku tana juya mayafan da ya gama ko za ta gane hanyar zaren, amma gamammen aiki ya ɓoye sirrinsa. Saƙar na shirin tafiya da mai ita. 'Yar ta zo cibiyar da hawaye.

Uwar Tarkace ta taka kujera ta sauko da wani kwali. A ciki akwai rabin saƙa da tsohon ya yar cikin fushi shekara ashirin baya, zaren a sake, kowanne na nuna inda ya bi.

"Ungo, 'yata," in ji ta. "Babanki ya ce in ƙona. Na ce masa to."

Bayan sati shida 'yar ta shimfiɗa sabon mayafi a cinyar mahaifinta. Ya shafa da hannunsa mai lafiya, ya juya ɗaya fuskar, ya yi ta dariya har da ƙwalla.

Ke ce kika tsare mana abin da muka raina, Uwar Tarkace. Yau da kike miƙa makulli za ki ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ku yi koyi da ita, ku daina jefar da kuskurenku. Ni da na fi kowa tsiya, jiya na kai fasassun tukwanena biyu.