Kyautar Sallamar Kawu Mai Gadin Daji

Shekara talatin Kawu yana gadin gandun daji. Ya sha ƙwace tarko, ya sha zagi, duk saboda wani koren tsuntsu mai jan fiffike. Kakanninmu sun hana kashe shi, sun ce shi ya nuna musu ruwa.

Ranar ritayarsa, shugaban ofis ya miƙa masa kyauta: tsuntsun ne a akwatin gilashi, an cusa masa auduga.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya harbe shi? A dajina?"

Shugaban ya yi dariya, ya ce ai ado ne kawai.

Kawu ya dire akwatin kan tebur har gilashin ya tsage, ya fice. Har ya rasu bai sake gaida mutumin ba.