Man Sentetik a Bashen Cindo

Shekara goma sha tara ina ɗora kayan shagona a motar Cindo duk ranar kasuwar Bader Goula, kuma ban taɓa ganin ya duba kontar ɗin motar ba. Ba ma abin dubawa. Allurar da ke ƙirga kilomet ta tsaya tun kafin ya saye ta a hannu na huɗu. Bashe ce mai buɗaɗɗen baya, fari ne launinta na asali in ji waɗanda suka san ta da ƙuruciya. Tana ɗaukar buhunan hatsi da awaki da mu 'yan tireda, duk a tafiya ɗaya.

Cindo bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Lokacin canza mai, wato vidanj, da hannu yake gane shi. Kullum da safe zai zaro joj, sandar nan ta awon mai, ya lakato da yatsa, ya murza. In ya ji santsin ya ragu, ya ji kamar da ɗan tsaki-tsaki a ciki, sai ya nufi garajin Abarci makanike a juye. Mai kauri yake zubawa, irin na durum da ake aunawa da kwalba. Ya yi shekara talatin a haka, daga yaron mota har ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya biyar da ita.

Bara motar ta mutu sau biyu a cikin rairayi. Babban ɗansa Mudathir, wanda ke aikin ofis a Maraɗi, ya zo gida ya yi magana a gabana. Ya ce in ta sake tsayawa a daji, Baba zai ajiye makulli, shi zai riƙe gidan. Cindo ya ce to, irin to ɗin da ake faɗi don a wuce wurin. Ni na san ajiye makullin nan a wurinsa daidai yake da a ce ya kwanta ya jira likkafani.

Bayan sati biyu Mudathir ya aiko da jarka mai ruwan toka, an rufe bakinta da hatimi. Ya ce a waya man sentetik ne, na tsofaffin motoci da suka ci hanya, kuma sai an yi kilomet dubu goma ake canza shi.

Cindo ya kawo mini jarkar shago, don ni nake ɗan haɗa baƙin Faransanci.

"Ɗayyabu, mi ne ne sentetik?"

Na juya jarkar gaba da baya, na ce an rubuta haɗa shi aka yi.

"To wancan na durum tsirowa shi ke yi?"

Na miƙa masa jarkarsa. Ya ce to kilomet dubu goma kasuwa nawa ke nan? Muka yi ta lissafi a bayan kwalin sukari, ni na samu wata takwas, shi ya samu shekara biyu. Muka nufi wurin Abarci da jarkar a rungume.

Abarci ya buɗe, ya ɗiga a tafin hannu, ya yi tsaki. Ya ce wannan ruwa ne, tsohon inji zai zubar da shi ta kowace kafa. Da ya ji wanda ya aiko, sai ya gyara tsayuwa ya ce amma fa shi ne mai lamba ɗaya, manyan motoci shi suke sha. Cindo ya ce to a zuba ko kar a zuba? Abarci ya ce duk wanda ya yi daidai ne. Na so in kwaɗa masa sifana a ka.

Aka zuba. Satin farko motar ta ba mu mamaki. Bugu ɗaya take tashi, ƙarar nan tata mai kama da daka ta yi laushi. Maimakon Cindo ya yi murna, sai hankalinsa ya tashi. Ya ce motar da ta daina magana ba ya yarda da ita.

Kwana tara sai ga ɗigon mai a ƙasa inda take kwana. Abarci ya leƙa ya ce man ya baƙanta ƙirin, kuma yana tsiyaya ta jwan, wato robar da ke toshe haɗin inji.

"Man ga wanki shi ke yi," in ji Abarci. "Dattin da ya daskare shekaru, shi ya toshe ramukkan. Ya wanke shi."

"Kana nuhin datti ne ke riƙe da ita?"

"Kusan haka."

"To a maido mani dattina."

Abarci ya ce ba a maidowa. Ya ce a juye a koma na durum. Mudathir a waya ya ce kar a kuskura, baƙin da ya yi alamar aiki ce, a dai canza jwan. Abarci ya ce in ya buɗe injin nan bai yi alkawarin zai rufu ba. Wani direba a tasha ya ce a haɗa rabi da rabi, wani ya ce in aka haɗa inji zai kama wuta. Cindo ya bi su duka da kunne, kowa ya yi magana ya ce masa gaskiya ne. Ni kaina a lokacin ban san wanda nake goyon baya ba, kullum da wanda na ji ƙarshe nake tashi.

Ran kasuwa da safe na iske shi tsaye gaban inji, joj a hannu, yana ta murza yatsu. Ya daɗe. Ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya miƙo mini sandar.

"Aboki, duba mani. Ina ya tsaya? Ya kai zane na sama?"

Na ce ai ga shi a gabanka, ko na ƙasa bai kai ba.

Sai ya ce shekara biyu ke nan ba ya ganin zanen. Da yatsa yake bin sandar ya ji inda jiƙa ta tsaya, ya ji kaurin. Wannan man kuwa sabo da tsoho duk ɗaya yake ji, ba ya gane inda ya fara balle inda ya ƙare.

Na ce, "Hanya fa, Cindo?"

"Hanya na san ta."

"Kana ganin ta?"

"Na ce maka na san ta."

Ya ƙara mai, muka ɗora kaya. Ya ce yau in zauna gaba. Muka tafi, mutum goma sha ɗaya a baya, har da mace mai goyo. Ya kauce wa kowane rami kafin mu kai gare shi, ya sauya giya daidai inda rairayi ke farawa. Amma wani jaki da ke tsaye tsakiyar hanya, sai da na yi ihu ya taka birki. Ya ce ai ya gan shi. Motar ba ta mutu ba, ta kai mu ta dawo da mu.

Kwana biyu ina juya abin. Sharaɗin Mudathir bai cika ba, motar ba ta tsaya a daji ba. Kuma amana ya ba ni da ya miƙo mini sandar nan. Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau biyar. A na ƙarshe na kira, na faɗa wa Mudathir komai, ina magana ina jin kunyar kaina.

Yanzu Samba, mijin ƙanwar Mudathir, shi ke tuƙa bashen. An canza jwan ɗin, injin ya rufu lafiya, har yau sentetik ɗin take sha. Cindo yana zama gefen direba da hannuwa a gwiwa, yana faɗin inda za a rage gudu. Ni na koma baya kan buhuna. In na gaishe da Cindo yana amsawa har da tambayar iyali, amma tun ranar Malam Ɗayyabu yake ce mini, ba aboki ba.