Akwatin da Ke Kama Hannu

Ranar kasuwar Minjibir da ta wuce na tsaya gaban wani tela mai keken hannu, yana murzawa a hankali. Ƙarar nan, girr-girr, ta sa na manta ɗinkin da ya kai ni. Ba keke nake ji ba, akwatin kakana nake ji.

Kaka, mahaifin Baba, yana da wani ɗan akwatin katako a ɗakinsa, wanda ko yarinya za ta iya runguma. In ka ɗaga murfin sai warin tsohon mai ya buge ka. A ciki akwai lanƙwasasshen baƙin ƙarfe da ƙafafuwa masu haƙora. A gefe ga mariƙi na juyawa, sai igiyoyi biyu, kowacce da bututun tagulla a bakinta. Jikin murfin kuma an liƙa ɗan faranti mai rubutun boko da lambobi. An ce wani Bature mai sayen gyaɗa ne ya bar masa, lokacin yana saurayi yana yi masa dako. Ba wanda ya san sunan abin.

Wata damina, ina yarinya, gero ya fara fitar da kai, maƙwabcinmu ya shigo zaure bayan azahar. Hannunsa na dama ya mutu, ko fartanya ba ya iya riƙewa, ga gona ta cika da ciyawa. Ina tsugune na kawo wa Kaka fura.

"Malam, ka taimake ni. An ce akwatinka yana tayar da jijiya."

"Ban yi maka alkawari ba," in ji Kaka. "Riƙe nan, ka yi bisimilla."

Ya damƙa masa bututun biyu, ya fara juya mariƙin. Da idona na ga yatsun nan da suka daɗe a sake sun dunƙule, hannun yana karkarwa har kafaɗa.

"Wayyo Allah! Wani abu ya kama ni! Ka ce ya sake ni!"

Kaka ya tsaya. Mutumin ya fita ko takalmi bai ɗauka ba. Kafin a yanke gero maƙwabcin nan ya rasu.

Ba wanda ya zo ya tuhumi Kaka. Abin da aka yi ya fi haka ciwo. Tabarmar ƙofar gidanmu, inda dattawa ke cin tuwo tare, ta koma shi kaɗai. A masallaci sai a bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. A bakin rijiya ƙawayena suka daina karɓar gugana, wai kakana yana kiwon aljani. Bai taɓa kare kansa ba har Allah ya karɓi ransa. Baba ya naɗe akwatin a buhu ya cusa a saman ɗakin, aka rufe ƙofar.

Bara ruwa ya rushe ɗakin, ƙanena ya kawo min buhun ya ajiye can nesa da ƙafarsa. 'Yata, wadda ke karatun jinya a Kano, ta goge farantin da toka da lemon tsami har rubutun ya fito.

"Umma, kin ga wannan kalma, PATENT? Lambar rajistar wanda ya ƙirƙiro abin ce. Da ita za a gano shi."

Ta shiga dube-dube a wayarta, can ta miƙo min. Ga zanen akwatin Kaka, har haƙoran ƙafafuwan. Ta ce injin tsofaffin likitocin Turawa ne. In an juya mariƙin yana haifar da 'yar wutar lantarki, mara lafiya ya riƙe tagullar don jijiyoyinsa su motsa. Na zauna na yi kuka sosai. Ashe wuta ce kawai.

Washegari na tafi ƙauye wajen Gwaggo, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka. Na zayyana mata komai ina murna. Ta saurara tana jan carbi, sannan ta ce, "Sai wani ya juya yake aiki?"

"Haka bayanin ya nuna, Gwaggo."

Ta ajiye carbin a cinyarta.

"Shekarar da kakanki zai rasu na kai masa abinci da rana tsaka. Na ji ƙarar, na leƙa. Yana zaune, tagulla ɗaya a dama, ɗaya a hagu, idonsa a rufe. Mariƙin yana juyawa. Ba kowa a ɗakin, 'yar nan."

Na ce ko tsufa ne ya gauraya mata tunani. Ba ta yi musu ba, ta ci gaba da lazimi.

Yanzu ƙauyenmu kusan kowane rufi da farantin sola, yara suna haɗa wayoyin lantarki ba ko ɗar. Waɗanda na so in nuna wa zanen nan, su san Kaka ba ya kiwon komai, duk suna maƙabarta, jikokinsu kuma ba su ma san an yi ba. Akwatin yana ƙasan gadona. Na san sunansa, na san aikinsa. Duk da haka na sa tsumma na ɗaure mariƙin, ɗauri mai ƙarfi.