An Cire Sunan Ƙanena Sanusi

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi a haɗarin mota kan hanyar Gummi, kuma bana ne na gano cewa farfesan da ya yi wa aiki ya buga bincikensu babu sunansa. Wannan ita ce cutar da aka yi mana. Amma ni ma ina da tawa da na yi masa.

Aji uku na sakandare na tsaya. Shi kuwa ya kai digiri na uku a ilimin ƙwaƙwalwa, sannan ya sake zama ƙarƙashin wani farfesa. Ya ce haka tsarin yake, sai ka yi shekaru kana horo kafin jami'a ta ba ka kujerarka. Na yi ta yi masa dariya gaban Inna, ina cewa wane irin dakta ne wanga, ba ya allura, kuma har yau yaron wani ne.

Lokacin ina kawo duwatsun zinari gida a ƙauyenmu Sunke, ana daka su a turmin da ake daka gero. Sanusi ya zo da ƙananan kwalabe, ya ɗebi ƙasar tsakar gidana, ya gwada ɗiyata Hadiza da ta fara farfaɗiya. Ya ce gubar dalma ce, in fitar da duwatsun. Na ce baƙin ciki yake yi da arzikina, na kore shi.

Da Sanusi ya rasu, bayan sadakar bakwai farfesan ya zo neman littattafan da Sanusi ke rubutu ciki. Ni na kwaso su na ba shi, ban ko tambaya ba.

Yau Hadiza ta girma, maganarta ba ta fita sosai. Da Sanusi na nan, na san ba zai ce ya gaya mini ba. Zama zai yi ya koya mata ƙirga, kamar da.

Wani abokin Sanusi ne ya karanta mini takardar binciken bana. A kan gubar dalma ce, an sa wa yaran da aka gwada lamba maimakon suna, amma na gane Hadiza a cikinsu. Washegari na hau mota zuwa jami'ar, na sami farfesan a ofis. Na ce: "Ranka ya daɗe, yarinyar da ka rubuta lamba goma sha huɗu ɗiyata ce. Wanda ya gwada ta sunansa Sanusi. Ni na kore shi daga gida, kai ka kore shi daga takarda. Tawa ba ta gyaruwa. Taka tana gyaruwa."